Sunan da Safinatu Ta Kasa Faɗa

Shagari,
Lahadi, sha biyar ga watan Rajab, 1370.

Zuwa ga Yayana Mijinyawa, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai masaukinka da duk mutanenmu da ke can. Allah ya ba ka sa'ar kasuwa, ya tsare ka daga zazzaɓin kurmi, ya maido mana da kai lafiya. Ni ce Hasiya, kuma da hannuna na rubuta, ban kai wa kowane malami ba, don abin da ke ciki ba na kunnen waje ba ne. In ka ga layi ya karkace kada ka yi mini dariya, kai ne mai ƙwace mini alƙalami muna yara a makarantar Baffa. Sama'ila mai goro zai tashi jibi, shi zan ba ya kawo maka.

Mutanen gida suna nan lafiya. Inna dai sai ƙafar nan tata, amma bakinta garau yake kamar yadda ka bar shi. Albasar fadama ta yi kyau bana, geron rumbu kuma in Allah ya yarda zai kai mu damina. Sanƙarau bai yi mana ɓarna irin ta bara ba, an ma rushe rumfunan zanan da Turawa suka sa aka kafa a bayan gari don masu ciwon. Maigidana Malami yana gaishe ka. Shi ya ba ni izini na baro Bodinga, yau kwanana tara a gida, kuma dalilin zuwan nawa shi ne dalilin wannan takarda. Yaya, matarka Safinatu ba ta da lafiya, kuma ina tsoron ba za ta ga kaka ba.

Zan faɗa maka daga farko, ko da ka san rabinsa. Khadijatu 'yar fari ce gare ku, don haka tun ranar yaye aka ɗauko ta aka miƙa mini, na tafi da ita Bodinga. Shekara tara tana ɗakina, ni ta sani uwa. Safinatu kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari yadda aka koya mata, har ta wuce kowa. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ta a gaban mutane ba, in mun zo sallah sai ta ce a ba 'yar Gwaggo ruwa, ta shige madafa. Da sanƙarau ya kama yarinyar bara da bazara, ni na kwana huɗu da ita a rumfar bayan garin Bodinga, malamin asibiti ya ba ta ƙwaya, amma kwana ya ƙare. Duk masu gaisuwar mutuwa wurina suka zo. Ni na yi kuka har muryata ta dushe, aka rarrashe ni, aka kawo mini kunu. Safinatu ta zo Bodinga ranar uku, ta durƙusa ta yi mini gaisuwa, ita ta yi mini gaisuwa Yaya, sannan ta ɗauki taɓarya ta shiga dakan gumbar sadaka. Mata suna ta yabonta, wai ga 'yar mutunci, ko ɗigon hawaye babu. Ni ma na yabe ta, Allah ya gafarta mini. Kai ma takardar da ka aiko a kan rasuwar, ni ka yi wa ta'aziyya, ka ce Allah ya jiƙan yarinyar wajena. Na duba ta sama da ƙasa, babu sunan ɗiyarka, babu gaisuwa ga uwarta.

Daga nan ta fara ramewa. Ba zazzaɓi, ba tari, abinci ne kawai ba ya wuce mata. Tana sharar gida, tana ɗebo ruwa, in an yi mata magana ta amsa da kalma ɗaya. Inna ta sa aka yi mata rubutu, aka jiƙa mata sassaƙe, aka ce mayu ne, aka ce iska ce. Ba wanda ya ce baƙin ciki ne, domin a wurinmu ba a lissafa ta cikin waɗanda aka yi wa mutuwa ba.

Ka tuna Kaltume ungozoma, ta bayan marina? Ita ce ta gane. Yawancin yaran da sanƙarau ya kwashe a unguwar nan ita ta yanke musu cibiya, ta san wace uwa ce ta rasa wane. Ta lura cewa waɗanda suka rasa na biyu ko na uku sun yi kukansu sun tashi, amma iyayen 'ya'yan fari suna ta bushewa a tsaye, kowace a gidanta, kowace tana zaton ita kaɗai ce marar tawakkali. Sai ta bi su gida gida, ta roƙi mazansu da surukansu su riƙa barinsu suna zuwa taya ta kaɗi duk ranar Alhamis bayan azahar, wai idonta ya yi rauni, auduga ta taru mata. Wa zai hana tsohuwa taimako? Mata shida suka taru, har da Safinatu.

Kaɗin kuwa ana yi, amma ba shi ya tara su ba. Kaltume tana da wani tsohon mazari baƙi da ta gada wurin kakarta. In sun zauna sai ta miƙa wa ɗaya, wadda ke riƙe da shi ita ke da magana, sauran su ci gaba da kaɗinsu, ba mai katse ta, ba ma mai ɗaga kai ya dube ta. Ta kafa musu doka uku. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan za a bar shi. Ba mai ce wa 'yar'uwarta ki yi haƙuri, domin an faɗa musu har kunnensu ya gaji. Sannan wadda ta ji za ta iya, ta kira sunan ɗanta da bakinta. Wadda ba ta shirya ba ta riƙe mazarin gwargwadon yadda take so, ta miƙa wa ta kusa.

Kaltume ta gaya mini Alhamis bakwai Safinatu tana karɓar mazarin tana miƙawa ba ta ce uffan ba. Amma tana zuwa, kuma in ta koma gida takan ci tuwo. Inna da kanta ta ce kumatunta sun fara dawowa. A ta takwas sai ta riƙe shi ba ta miƙa ba. Ta ce musu ita ma tana da wata. Ta ce yarinyar tana da wushirya, tana tafiya tana jan ƙafar hagu kaɗan irin tafiyar ubanta. Ta ce duk ranar da muka zo gida takan laɓe a bayan zana ta leƙe ta ta wata 'yar kafa, ta san duk zanen da na taɓa ɗaura mata. Ta ce akwai ranar da yarinyar ta faɗi a bakin rijiya ta fasa gwiwa, ita kuwa tana tsaye taku uku daga wurin, ta juya baya ta bar ni na ɗauke ta, kuma wannan juya bayan shi ke hana ta cin abinci. Da ta zo kan sunan sai muryarta ta ƙi. Ta ce su bar ta sai Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai rai za ta faɗa.

Yanzu ga laifina, ba zan ɓoye maka ba. Ka san ni da shiga abin da ba a kira ni ba. Na ji a Bodinga cewa Safinatu na samun sauƙi a gidan Kaltume, sai na ɗauro audugata na zo, ranar wannan Alhamis ɗin da ta yi alkawari, ban san da wani alkawari ba. Na ce ai ni ma na rasa ɗiya, ina da wurin zama. Kaltume ta tare ni a ƙofa tana ta kame-kame, ta ce ɗakin ya cika, ni kuwa na ture labule na shiga ina wasa da dariya. Na zauna na ji Balaraba matar maƙeri ta kira sunan ɗanta sau uku, a hankali, kamar tana tashinsa daga barci. Ban taɓa jin uwa ta yi haka ba. Da mazari ya zo hannun Safinatu ta ɗago ta dube ni, ƙanwar mijinta, wadda aka ba ɗiyar. Ta sunkuyar da kai ta miƙa mini shi. Ni kuma na karɓa na yi ta zuba, na kira sunan ya fi sau goma, na yi kuka na more, tana gefena tana kaɗi, zarenta yana ta tsinkewa.

Da ma a nan na tsaya. Ina komawa gida, don murna, na kwashe duka na faɗa wa Inna, wai in nuna mata an samo maganin da rubutu da sassaƙe suka kasa. Na manta da dokar farko, ko in ce ban ɗauke ta da nauyi ba. Inna ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce ashe taron rashin kunya ake yi, matan aure suna kiran sunan 'ya'yan fari da rana tsaka, suna kuka bayan shekara kamar suna jayayya da hukuncin Allah. Ta ce ita ta binne ɗan farinta, wanda kake bi, shekara arba'in ke nan, ba ta taɓa ambatonsa ba kuma ba ta mutu ba. Kafin Juma'a maganar ta zaga gari. Maƙeri ya hana Balaraba fita. Sauran mazan suka bi sahu, don ba mai son a nuna gidansa da baki. Aka daina kiran Kaltume wurin haihuwa, wata biyu ba wanda ya aika mata, har ɗanta ya zo ya ɗauke ta ya koma da ita Lambara. Na bi ta can na roƙi gafara. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi jin daɗi. Ta ce kawai ranar da na shiga ce Safinatu za ta faɗi sunan, sannan ta ba ni labarin da na rubuta maka a sama.

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Na je gidajen matan ɗaya bayan ɗaya, biyu suka ƙi fitowa, Balaraba ta leƙo ta ce in tafi kafin mijinta ya dawo. Na shiga ɗakin Safinatu na rufe ƙofa, na ce ga ni, ni kaɗai, ta faɗa mini, ta zage ni in tana so. Ta ce ba komai Gwaggo, Allah ya ba ki haƙurin rashin da kika yi. Wurina ba za ta iya ba, kuma waɗanda za ta iya a wurinsu na watsa su. Yanzu ko kunu sai an yi da gaske take kurɓa biyu. Munduwarta tana zamewa har gwiwar hannu. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, Inna tana ta gaya wa baƙi irin haƙurin surukarta.

Ban san abin da zan roƙe ka ba, Yaya. In na ce ka taho, tafiyar mai tsawo ce, kuma ko ka iso na san ka, za ka tsaya a zaure ka tambayi lafiyar gida, ta gaishe ka daga bayan ƙofa, ku rabu a haka. Kai ma kunyar nan ce ta ɗaure ka. Duk da haka ka taho. In ba za ka iya ba, ka rubuto mata takarda, tata ita kaɗai, ka yi mata gaisuwar ɗiyarta kamar yadda ake yi wa kowace uwa, ni zan karanta mata. Ban ce zai tashe ta ba, ni kaina na fara fid da rai. Amma kada ta tafi ba wanda ya taɓa yi mata ta'aziyya.

Ka gai da Ɗantani ɗan Baffa da iyalinsa, ka ce masa uwarsa tana cigiyarsa. Ka gai da Mode da Idi in suna nan Kumasi har yanzu, da mai masaukinka, Allah ya saka masa da alheri. Inna tana sa maka albarka. Malami da yara suna gaisuwa.

Na riga na kai nan zan naɗe takardar sai Safinatu ta fito shan iska, ta zauna kusa da ni a gindin rumbu. Ta tambaya ko wurin yayana za a kai, na ce e. Sai ta ce ko na rubuta yarinyar a ciki. Na ce na rubuta. Ta ce in nuna mata wurin. Ka san ba ta karatu. Na buɗe na nuna mata, ta ɗora yatsa a kai ta danne, ta daɗe a haka, leɓenta yana motsi amma ba abin da ya fito. Da ta ɗaga, gumin hannunta ya jiƙa tawadar. Na ce bari in sake rubutawa, ta ce a'a, in bar shi haka. Don haka in ka ga wuri ɗaya ya dame a sama, har sunan ba ya karantuwa sosai, ba ruwa ne ya taɓa takardar a hanya ba. Hannun matarka ne, kuma iyakar saƙonta ke nan gare ka.

Wassalam.

Ƙanwarka mai neman gafararka,
Hasiya.