Za a sa wa ɗiyata tiraka a dantse

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da rubutuna, yaƙi da jahilci na yi.

Damina ce, gero ya rufe hanyoyi, bana ko gona mutum zai je sai ya nemi gafarar mutan gida. Ƙauyenmu na kusa da Bagega. Tun da ɓarayin daji suka ɗauke yara biyu a ƙauyen gabanmu, maigidana ba shi da zance sai na ɗiyarmu mai shekara goma, ita kaɗai ta rage mana cikin uku, sauran gubar dalma ta yi ajalinsu.

To akwai wani mai sa wa babura tiraka a Anka, shi ya ce masa an kawo wata ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, a tsaga dantse a tura ta ƙarƙashin fata irin ashanar tazarar haihuwa, duk inda aka kai yarinya a gani a waya. Na tambayi maigida a hankali, wayar wa? Ya ce ta mai tirakar. Wato namijin da ban sani ba zai riƙa sanin fitarta rijiya da dawowarta, a lokacin da kowa ke tsoron infoma. Na ce mu da sai mun hau tudu muke samun sabis, ina ga daji? In kuma ɓarayin suka ji labari, ba da wuƙa za su nemi tirakar a jikinta ba? Sai ya ce bokon tsofaffi ya sa na fi kowa sani, in aka ɗauke ta alhakinta na wuyana. Wallahi maganar nan ta ƙona ni. Wata nawa na yi ina ɗura mata magani don dalma ta fita daga jininta, yanzu a ce a tura mata ƙarfe? Ita ko da ta ji mu sai ta ce, "Inna, ni babur ce?"

Ban ce ba ya son ta ba, tsoro ne, ni ma ina da shi. Amma ya yanke washegari zai kai ta.

Da safe yana fita na sa mata hijabi muka hau mota zuwa Gummi wurin yayana, ban tambayi maigida ba, abin da ban taɓa yi ba a shekara sha shida na aure. Yanzu ya aiko in maido ta ko in yi zamana can. In koma in miƙa hannunta, ko yaya zan yi?