Sau Biyu Na Wuce, Ba Ki Ɗago Ba

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randa a tsakar rana, inuwar da nake hange tun daga nesa, sarauniyar allura da zare, wadda fushinta ya fi gangara da cikakken lodi ban tsoro,

Ki karɓi sallamar mai laifi, wanda ya san da laifinsa, amma yake roƙon a bar shi ya kai aya kafin a ɗauko almakashi.

A kan sitiyari nake rubuto miki wannan takarda, ina cikin layin lodi, motoci goma sha huɗu a gabana, rana ta take tsaka. Idan kin ga rubutun ya karkace, injin motar da ke gefena ne yake girgiza ƙasa. Kwana huɗu ke nan wayarki ba ta shiga. Na kira, na sake kira, har na fara gaida matar nan ta cikin waya mai cewa a gwada an jima. Abin da kawai ya rage mini daga gare ki shi ne saƙon nan naki na ranar Alhamis: “Ka gaya wa iyayenka kada su wahalar da kansu zuwa gidanmu ran Asabar ta makon gobe.” Wayyo ni! Shekara biyu ina lallaɓa wannan Asabar ta neman aurenki kamar mai ɗauke da tiren ƙwai a kan hanya mai ramuka, sai da na hango ƙofar gida za ki ce in juya?

Tsaya in tuna miki mafari, ko zuciyarki za ta ɗan yi laushi. Kin tuna ranar da na tsaya wurin mai facin da ke kusa da shagonku, na diro daga mota da ƙarfina irin na mai jin kansa, wandona ya kama ƙarfen matakala ya tsage tun daga ƙugu har gwiwa? Na shigo shagon Gwaggonki da tawul ɗaure a gindi, ina ta sunne kai, ku biyar kuna kan kekunan ɗinki. Kowa ta ƙunshe baki, ke kaɗai kika miƙo hannu kika karɓi wandon ba tare da kin dube ni ba. Kika ɗinke shi tsaf, kika cije zaren, kika ce in riƙa saukowa a hankali tunda motar ba guduwa za ta yi ba. Sai da na taka bakin ƙofa na ji dariya ta fashe a bayana, taki kuma ta fi ta kowa tsawo. Rabin raina, tun ranar na san na kamu. Na yi ta neman dalilin dawowa, har maɓallan rigata masu lafiya na riƙa tsinkewa da hannuna, kuma na san kin gane.

Daga baya kamfani ya maƙala mana 'yar na'urar nan mai kai tsegumi, wadda in ka tsaya inda ba a ce ka tsaya ba, kafin ka ja birkin hannu manaja ya kira. Tsayawa a ƙofarku ta haramta. Shi ne muka yi yarjejeniya, ni da ke: in na iso tudun rage gudun nan na gaban shagonku, zan danna hon sau uku, biyu gajeru, ɗaya dogo, in fito da hannu ta taga, ke kuma ki ɗaga mini duk abin da kike ɗinkawa. Me ban gani ba a wannan taga? An ɗaga mini rigar jariri, an ɗaga mini labule, an ɗaga mini rabin wandon wani dattijo mai ƙaton ciki. Wallahi da wannan 'yar ɗagawar nake cin kilomita dubu ban ji gajiya ba. Mutane suna ganin direban babbar mota a can sama su ɗauka sarki ne. Ba su san bayansa ya ƙage ba, shayinsa ya huce tun safe, kuma ya yini yana hira da madubi. Ke ce kaɗai abin da ke kan wannan doguwar kwalta da ya san ni ne nake zuwa.

Yanzu ga abin da ya faru, kuma na rantse ba zan rage ko ƙwayar zarra ba, har da inda ban fito da kyau ba.

Giyar motata ta fara kuka, aka shigar da ita gareji. Manaja ya ba ni wata tsohuwar mota da ta girmi lasisina, fentinta ya koɗe, ƙofarta sai da igiya. Bakanike kuma ya gama gyaran tawa da wuri, aka loda mata kaya, aka miƙa makullinta ga wani abokin aikinmu da muke kira Sannu-Sannu. Bawan Allah ne, dattijo, mai tsoron Allah da tsoron gudu. Shekara ashirin yana tuƙi, ba a taɓa jin ya yi wa ko akuya hon ba, sai dai ya tsaya ya jira ta gama tunani. Shi ne ya wuce ta gabanku ranar Litinin a cikin motata, shiru kamar an aiko shi gaisuwar mutuwa. Kan motar yana da tsawo, gilashinta da duhu, ke kuma hannu kika saba gani. Ina za ki san ba ni ba ne?

Ni kuwa ina bayansa da kamar awa guda. Tun daga gada shaiɗan ya zauna a kujerar gefena yana ba ni shawara. Ya ce kada in kira ki in faɗa miki an canja mini mota, in bari mu gani ko ni kike so ko hon ɗin. Na ja hula har gira, na saka baƙin tabarau, na iso tudun nan, na danna: biyu gajeru, ɗaya dogo. Hasken idona, da kin ji abin da ya fito! Hon ɗin motata in ya yi kuka, tsuntsaye sai su bar bishiya. Wannan kuwa sai ka ce ɗan akuya mai mura. Na hango ki ta taga, kanki a sunkuye, ƙafarki tana kan keke, ko gezau ba ki yi ba. Na sake dannawa. Maimakon ke, sai ga Gwaggo ta fito da sandar awon yadi, tana nuna ni tana cewa, “Kai marar kunya, 'yar gidan nan an yi mata miji, ka kai tsohuwar akwalarka gaba!” Mai faci ya gane ni, ya buɗe baki zai yi magana, na ɗora yatsa a leɓe. Na wuce ina dariya har hawaye, ina dukan sitiyari.

Da kika kira ni da la'asar kika tambaya ko na wuce yau, na ce na wuce. Kika ce me ya sa ban yi hon ba, na ce na yi, har sau biyu, ke ce ba ki kula ni ba. Duk gaskiya na faɗa, amma gaskiyar da aka yi wa aski. Na ji muryarki ta canja, ni kuma uban 'yan wayo sai na ƙara da dariya. Na ce a raina bari in ja wasan zuwa dawowa, ya fi daɗin bayarwa. Ranar Alhamis Sannu-Sannu ya sake wucewa shiru, ni ma na sake biyo shi da ɗan akuyana, Gwaggo ta sake fitowa, wannan karon da ruwan wanke hannu a kwano. Kafin in kai mahaɗar hanya saƙonki ya shigo. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba wanda ya tsone mini shi sai ɗan yatsana.

Sai da na kira mai faci na san girman ɓarnar da na yi. Ya ce tun ranar Litinin, da kika hango motata daga kwana, kin riga kin miƙe da wata farar riga a hannu, kin kai taga, kin ɗaga ta sama. Motar ta wuce, kika tsaya da hannu a sama, 'yan shagonku suna kallo. Ya ce ranar Alhamis ba ki tashi ba, kin bi ta da ido kawai, sannan kika shiga ɗakin gwajin kaya kika daɗe ba ki fito ba. Ya ce Gwaggo ta yi ta faɗin abin da ta saba faɗi, wai direba yana da budurwa a kowace kwana, in ya daina yi miki hon to ya sami wata tagar. Mai facin ya yi ƙoƙarin ya gaya mata gaskiya, ta ce shi da direbobi bakinsu ɗaya, ya koma kan tayoyinsa.

A nan dariyata ta ƙare. Ni ina can ina murna, ina cewa kai, ka ga mace, wani ya yi mata hon ko kai ba ta ɗaga ba, ashe ke a lokacin kanki a sunkuye yake don kada a ga idonki. Na gwada ki kin ci jarrabawa, ni da na shirya ta na faɗi warwas. Kuma bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Ba shaiɗan kaɗai ne ya zuga ni ba, tsoro ne. Mutumin da yake kwana ashirin da biyar a hanya cikin wata, wani lokaci yakan tambayi kansa ko shi mutum ne a wurin masoyiyarsa, ko kuwa wata ƙara ce da ke wucewa. Maimakon in tambaye ki da bakina kamar mai hankali, sai na ɓuya a bayan tabarau. Na ji kunya, kuma na yi nadama.

Wannan takarda Sannu-Sannu ne da kansa zai kawo ta, a cikin motata, don ki leƙa ki ga fuskar wanda ya yi miki shiru. Ba sai ya tsaya ba. A irin tafiyarsa, mai faci zai iya takowa a ƙasa ya karɓa, su gaisa, su tambayi iyali, bai taka birki ba. Don Allah kada Gwaggo ta watsa masa ruwa, bai san hawa ba bai san sauka ba. In akwai sauran ruwa a kwanon a ajiye mini, nawa ne.

Ya ke farin watana, ya ke iskar da ke biyo bayan ruwan sama, me zan yi ki huce? In ce ba zan sake tsokanarki ba? Kin san ƙarya ne, ranar da na daina tsokanarki ki kai ni asibiti. Amma na yi miki alkawarin da zan iya cikawa: ba zan ƙara yin wasan da ni kaɗai nake dariya ba. In an canja mini mota, ke za ki fara sani. In an canja mini hanya, ke za ki fara sani. In tsoro ya sake kama ni, zan kawo miki shi a fili ki yi masa faɗa.

Na riga na shiga ofishin manaja na roƙi hutun kwana biyar. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shekara goma sha ɗaya ban taɓa neman hutu ba, wa ya mutu? Na ce ba kowa tukuna, amma in bai sa hannu ba ni ne. Ya sa hannu. Ina sauke wannan lodi zan ajiye makulli. Ranar Laraba da hantsi zan iso, kuma ki ji ta yadda zan zo: a motar haya, a kujerar baya, a matsayin fasinja! Ni, da ban yarda da tuƙin kowa ba a duniya, zan zauna awa tara a bayan wani yaro mai tuƙi da hannu ɗaya, gwiwata a haƙarƙarin wani, ina taka birkin da babu shi. In wannan bai isa hukunci ba, ki ƙara mini da naki.

Zan sauka a bakin titi in tako da ƙafata, ba hula ba tabarau. Zan gaida Gwaggo in durƙusa, ta faɗi duk abin da ke bakinta, ba zan tanka ba. Sannan zan tsaya a gaban kekenki har ki ɗago.

Abu ɗaya ne ban yi ba, kuma ba zan ɓoye miki ba: ban isar da saƙonki ga iyayena ba. Jiya Inna ta kira ni tana ta murna, ta ce ta wanke mayafinta ta goge, Baba kuma ya je an rage masa gemu, wai kada surukai su raina shi. Idan har kin yanke, ba zan ja da ke ba, haƙƙinki ne, ni na jawo. Amma ki faɗa mini ranar Laraba, ido cikin ido, ba ta waya ba. In kin iya duban fuskata kika maimaita, zan juya in je in gaya wa Inna da bakina ta mayar da mayafinta akwati. In kuma ba ki iya ba, to ki taimaka ki matsa mini kujera in zauna kusa da ke.

Naki ne ni, a hawa da gangara, da lodi ko babu lodi, yau da gobe har ranar da za a karɓi makullin a hannuna,

Direbanki marar jin magana.