Lambar buɗe wayar Gershon

Litinin, 4 ga Maris
Jami'an tsaro sun ɗauke ƙanina Gershon daga shagonsa a Kafanchan. Wai sai ya buɗe musu wayarsa. Shi ne shugaban 'yan sintirin unguwarmu, mutane kan turo masa sunayen masu kai wa 'yan bindiga rahoto, a asirce. Ya ƙi.

Laraba, 6 ga Maris
Na kai masa abinci. Jami'in ya ce, "Madam, in ba abin ɓoyewa, tsoron me?" Na ce to ya ba ni tasa in karanta. Ya kore ni. Mara kunya! Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen Mama, sau tara muka kira su, ko ƙurarsu ba mu gani ba. Yau suka san waya na da amfani.
Kafin in fita Gershon ya raɗa mini, "Yaya Milka, duk sunan da ya shiga ofis ɗin nan, kafin sati ya kai daji."

Asabar, 9 ga Maris
Maƙwabciyata Khadijatu ta zo. Kwana goma sha ɗaya ke nan da sace mijinta, Mijinyawa, a hanyar Kachia. Jami'an sun gaya mata wai sunayen masu kiranta neman kuɗin fansa suna cikin saƙonnin Gershon. Turo ta suka yi, na sani. Mugunta! Ta durƙusa a tsakar gidana, babbar mace. "Maman Clara, ke ai kin san lambar buɗewa."
Na san ta.

Lahadi, 10 ga Maris
Ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba. Serah, 'yar cocinmu, na gabana a zumuntar mata, tana waƙa. Ita ta tura wa Gershon sunaye biyu.

Talata, 12 ga Maris
Na ba su lambar. Sai da na fara raka Serah tasha, ta tafi Manchok wajen 'yarta. Ba ta yi mini sallama ba. Sauran da suka tura masa sunaye, ban san su ba. Ya Yesu.

Juma'a, 15 ga Maris
An sako Gershon. Ya wuce ƙofata bai shigo ba. An ce an kama mutum biyu, amma Mijinyawa shiru. Har gobe ina cewa ba su da ikon leƙa wayar kowa, kuma ban yafe ba.
Jami'in ya kira da rana. Ƙara ɗaya na ɗauka. Har sannu da aiki na yi masa.