Tsayuwar Sani

Wudil, daren Juma'a, daminar 1976

Yau na gama zanen Sani, in har gamawa ce. Tun da tankar mai ta banke ƙanen nawa a hanyar Kano nake so in zana shi a bakin kogi, inda muke wanka muna yara. Kogin bai ba ni wahala ba. Fuskar ce ta ƙi. Duk wadda na zana sai ta fito ta wani daban, in kankare da wuƙa kafin fentin mai ya bushe. Daga ƙarshe na haƙura, na ja siffarsa da farin fenti a tsaye, ba ido ba baki.

Da la'asar Inna ta shigo neman ashana, ita da ke kiran zanena shirme. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Haka yake tsayuwa, kafaɗa ɗaya a karkace."

Wallahi ban san na karkata ta ba.

Na ce, "Inna, in kai miki ɗaki?"

Ta goge ido da bakin mayafi. "A'a, ɗan nan. Juya shi ya kalli bango. Amma kada ka sayar."

Na juya shi. Ko tuwo na kasa ci.