Jan Tsagar Gashina

Bardhaman, ranar Litinin

Baban Tutul,

Gaisuwa mai yawa. Ya Kolkata, ya tarin nan naka? Mama da Tutul suna lafiya. Ni ce dai ba lafiya ba, kuma kai ne sila.

Na ga hoton ɗakin bincikenku da ka aiko. Kai na'urar kake nuna mini, ni kuwa yatsunka na gani cikin gashin ɗalibarka Ritoja. Ka sha yi mini bayani: kwamfutarka tana kwaikwayon yadda hasken da ido ba ya gani ke ratsa fata da ƙashi ya dawo da labarin jini, ba allura ba yanka, kuma dole a gwada lissafin a kan mutum. Na ji. Amma kaina ka fara nema. Ka ce man kwakwa da sindur, jan garin aure da ke tsagar gashina, ba sa cikin lissafinka, in wanke. Na ƙi, don kai ma ka san sai wadda mijinta ya mutu ke goge jan nan. Shi ne ka koma wa budurwa mai wankakken kai.

Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba. Rabon da yatsun nan su raba gashina tun ranar aurenmu da ka sa mini jan a gaban wutar ɗaurin aure.

Taka,
Shampa

Bardhaman, ranar Alhamis

Baban Tutul,

Ina fata ka tashi lafiya. Amsarka ta iso, wai duk kawuna ɗaya ne a wurin kwamfuta. To, madalla.

Jiya na kulle ɗaki, na jiƙa tsumma na goge jan, na ce ai ba Ritoja kaɗai ke da ruwa da sabulu ba. Da na ɗaga ido ga madubi, matar da ta rasa ka na gani. Na yi maza na mayar da jan, har ya zubo mini a hanci.

Ina zuwa Asabar a jirgin ƙasa, da man kwakwata da jana. Kwamfutar da ta koyi ratsa ƙashi za ta iya koyon matar aure. Ka sa su cikin lissafin. Na gwada rayuwa babu kai, ban kai minti ɗaya ba.

Taka har kullum,
Shampa