Yau na sayar da hannun jarinmu

Zuwa ga 'yar farina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ce mahaifiyarki, daga unguwarmu ta Vénissieux, nan ƙasar Turawa. Babanki yana nan lafiya, sai ciwon gwiwa. Na rubuto ne don ki ji daga gare ni: yau na sayar da hannun jarin nan.

Kin san wanda nake nufi, na kamfanin kayan 'yan mata da kika hana mu sakat a kansa. Kowace Asabar sai kin ja ni kantinsu na unguwar Part-Dieu, kiɗa kamar zai fasa kunne, wando a yage tun daga shago kuma wai a biya. Ina mita, kina dariya. Kin sha ce mini, "Maman, ba ki san komai ba, duk 'yan makarantarmu nan suke saye."

Maganar nan ce ta sa na saya. Na ce wa babanki tunda kuɗina can suke tafiya, gara in bi su. Amma ba shi ke nan ba. Ke 'yar fari ce, ni kuma 'yar Maradi. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa rungumar ki a gaban mutane ba, haka uwata ta yi da yayanmu. Ke kuwa a nan aka haife ki, kina ganin iyayen ƙawayenki suna sumbatar su a ƙofar makaranta. Kin taɓa tambaya ta ko sunan ne ba na so. Na ce ki je ki wanke kwanuka.

Hannun jarin ne ya ba mu abin hira. Da yamma ki jingina da kafaɗata mu duba waya, ki gaya mini rigar da za ta ci kasuwa da wadda yayinta ya wuce. In farashi ya hau ki ce ke ce, in ya sauka ki ce ni ce.

Sai sankarau ya zo ya ɗauke ki kina da shekara sha shida.

Ban daina zuwa kantin ba, ina cewa zan je in ga yadda ciniki yake. Da farko nakan tarar da ƙawayenki, su gaishe ni su sunkuyar da kai. A hankali suka daina zuwa. Ran nan na gamu da ƙawarki Salamatu a tiram, jirgin nan na cikin gari, da kayan ofis, da tsohon ciki. Yaran da suka biyo bayanku kuwa a waya suke sayayya. Ma'aikacin banki ya ce haka wannan kasuwa take, masu sayenta girma suke yi su tafi, don haka in sayar tun da sauran abin ɗauka. Ban saurare shi ba, don na san wata da ba za ta taɓa girme wa kantin ba.

Farashi ya yi ta zubewa. An rufe kantin Part-Dieu, an lulluɓe gilasan da farar takarda.

Yanzu ƙanwarki Nafisa ta samu gurbin karatu a Paris, kuma mai ɗakin haya a Sevran, kusa da can, yana son kuɗin ajiya. Abin da ya rage zai isa da ƙyar, in na ƙara jira ba zai isa ba. Ba ta roƙe ni ba, shirun nata ne ya fi ci mini rai. Ita da kike goyo, yanzu ta girme ki.

A kicin na zauna da rana tsaka na danna maɓallin sayarwa a waya. Wayar ta ce mini merci, wai ta gode. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ke, don ranar ma mata sun cika ɗaki suna yaba haƙurina.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi, ya sada mu a inda babu kunya tsakanin uwa da 'yarta. Allah ya jiƙan ki, Zainabu.

Zainabu. Ga shi na kira, da ƙarfi ma, ni kaɗai a kicin. Har na ɗan dakata ko za ki amsa.

Taki har abada,
mahaifiyarki.