Babban Yatsan Rudaina

Damanhur, 4 ga Maris

Zuwa ga maigidana Subhi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Kuwait? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Baban Rudaina, kaina ya ɗaure. Jiya 'yarka ta kasa gutsurar gurasa da haƙoran gaba, sai da ta karkata ta ci da gefe. Na kai ta wurin likitan haƙori. Da ya ce ta cije, sai ga rami tsakanin na sama da na ƙasa, har harshe yana leƙowa. Ya ce tsotson yatsa ne, in ba ta daina ba kafin haƙoran girma su fito, haka bakin zai zauna. Shekararta biyar da rabi fa.

Na shafa mata sabbar, ruwan ɗacin nan da muka yaye ta da shi. Ta lashe tas, ta miƙo ɗaya hannun. Na sa mata safa a hannu, Mamarka ta cire, wai, "Ke Nagwa, jikata ce ko fursuna?" Ban san maganar wa zan bi ba.

Taka,
Nagwa

Damanhur, 19 ga Maris

Subhi,

Ina gaishe ka, da fatan murar ta sake ka.

Na ja Mama wurin likitan don ta ji da kunnenta. Ya nuna mana hoton irin wannan bakin a littafi, sai ta kwashe da dariya. "Wannan ai Subhina ne! Sai da ya shekara tara yana tsotso, ga shi ya yi aure har ya haihu." Likita ya ce, "Hajiya, yana iya gagurar masara?"

Da muka dawo na ɗauko hoton aurenmu. Murmushin nan naka da ya sa na ƙi ɗan kawuna injiniya, ashe ciwo ne mai suna a littafi. Shekara bakwai ina yanka maka tuffa ƙanana, ina zaton shagwaɓa ce.

Ga Rudaina nan gefena, yatsa a baki, haƙori ɗaya ya fara girgiɗa. Ka faɗa mini gaskiya, abin ya taɓa damunka? Yara sun yi maka dariya a makaranta? In ka ce e, zan hana ta, ko Mama za ta yi fushi har Idi. In ka ce a'a, ban sani ba ko zan yarda da kai, don sai yau na lura ba ka dariya gaban baƙi sai ka rufe baki da hannu.

Matarka mai jiran amsa,
Nagwa